Sitiyarin da Ban Yanka Ba

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wasu samari uku 'yan wajenmu suka fake a bakin shagon keken da nake aiki a unguwar Batha, a nan ƙasar Larabawa, suna jiran motar unguwar Manfuha. Sun same ni da zarto a hannu, ina raba sitiyarin wani keken tsere gida biyu. A ido sabo ne fil, in ban da 'yar ƙarzuwa guda a gefe. Ɗayansu, mai aikin gini, ya riƙe baki ya ce, "Haba Baba Isuhu, wannan ai almubazzaranci ne. Da ni ka ba." Na biyun ya yi dariya ya ce tsoho dai ya rasa abin yi ne, ai gyaran keke bai wuce faci da famfo ba. Ban tanka musu ba, don mai keken yana tsaye a kaina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma amsarta ta fi ƙarfin bakin titi.

Da faci da famfo na fara, wannan gaskiyarsu ce. A Maraɗi na koya, a gindin wata bedi kusa da tasha, wurin maigidana marigayi Na-Allah. Kayan aikinsa duka a jakar fata guda suke: sifana uku, guduma, filaya, gwangwanin sholisho, da wani guntun dutse da muke kankare tiyub da shi. Dokarsa ɗaya ce, ba a yar da komai. Tiyub zai sha faci goma sha ɗaya, in ya mutu a yanka shi a yi wa wasu faci da shi, ragowar a sayar wa masu ɗaurin kaya. Ƙarfen gaba in ya lanƙwashe, mu saƙala shi tsakanin saiwoyin bedin nan mu miƙe shi. Na taɓa jefar da wani noti da ya cinye, Na-Allah ya sa ni tonon rairayi har la'asar ina nemansa. Shi ya koya mini ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana in kasa kunne, kamar yadda mata ke yi wa tukunya a kasuwa. Mai lafiya yana amsawa ras, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take.

Da na baro Maraɗi na zo ƙasar nan, shekara bakwai na yi a wani shago a nan Batha ina gyara kekunan yaran baƙala, wato kantunan kayan masarufi, masu kai wa mutane saƙo gida. Wata rana ina daidaita wata ƙafar keke da ta yi kwana, ba injin komai, sai babban yatsana da kunnena, wani dattijo fari mai ƙaton ciki ya tsaya yana kallona har na gama. Ya karɓi ƙafar ya juya ta, ya sa ido ɗaya ya leƙa. Ya yi mini magana da Larabcin da ban gane ba, sai ya gwada Faransanci, na amsa masa da ɗan guntun da na tsinta a Maraɗi. Mu'allim Munsif ke nan, mutumin Tunis, babban makaniken wata ƙungiyar tseren keke. Cikin wata biyu aka mayar da kafalata, wato alhakin zamana a ƙasar, hannun ƙungiyar, na zama mataimakinsa.

Ranar farko a sito na sunkuya na tattara ƙarfina zan ɗaga wani keke, saura kaɗan in jefa shi rufi. Bai kai nauyin kaza uku ba. Munsif ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, kabon ne, zare ne da gam aka gasa. Ban ji da kunnen basira ba. Kafin sati ya fita na ɗaure notin wani sirdi irin ɗaurin Maraɗi, wanda sai ka ji hannunka ya yi zafi, sandar sirdin ta ce ƙas ta tsage. Munsif bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini wata sifana mai ma'auni, wadda in noti ya kai inda ake so take yin 'yar ƙara, ya ce daga yau ita ce hannuna, hannun da na zo da shi in bar shi a gida. Na karɓa ina murmushi, a raina ina cewa mutumin da sai ƙarfe ya gaya masa noti ya ɗauru, ina ya ga gyara.

Ku da kuke ganin tseren a waya, kuna ganin mutum goma sha biyu ne a kan kekuna da tufafi masu matse jiki. A bayansu akwai mudir mai tsara tseren, akwai masu tausa biyu, akwai mai dafa abinci da ke auna shinkafa a sikeli kamar mai sayar da zinariya, akwai direban babbar mota, sannan mu. Kakar tsere a nan tana farawa ne in zafi ya sauka, ta ƙare in ya dawo. Da bazara a kwashe mu zuwa duwatsun kudu a yi ta atisaye. Kowace rana, da an sauka daga keke, aikinmu ke farawa. Keke goma sha biyu, kowanne a wanke shi da sabulu, a bi sarƙarsa da buroshi haƙori-haƙori, don rairayin ƙasar nan in ya haɗu da mai, cin ƙarfe yake yi. A busar, a duba birki, a duba giya, a auna tsawon sirdi. Akwai wani mahayi da na taɓa saukar wa sirdi da kaurin ƙwayar shinkafa, bai yi nisan kiran sallah ba ya juyo yana zagina da yare uku.

Manna taya kuwa aikin kwana uku ne. A lokacin da na fara, tayar tsere ba ta da baki, da gam ake liƙa ta a jikin wili. Ka shafa siriri ka bari ya kwana, ka ƙara ka bari ya kwana, rana ta uku ka ɗora ka daidaita da tafin hannu har fata ta saɓule. Wanda ya yi gaggawa, a kwana mai zafi taya za ta zame daga wili da mutum a kai. Ranar tsere kuma wurina kujerar baya ce a motar mudir, ƙafafun keke biyu a cinya, awa huɗu ko biyar ba sauka. Da rediyo ya kira lambar ɗanmu, kafin mota ta gama tsayawa ina ƙasa. Cire ƙafa, sa ƙafa, tura mutum da gudu har ya kama feda, duka a cikin abin da bai kai karanta Fatiha ba. Na iya wannan, ba yabon kai ba. Har makanikan wasu ƙungiyoyi kan ce a zo a ga Takarin Munsif.

Abu ɗaya ne na kasa iyawa, shi ne zarto. Dokar Munsif ita ce, duk kayan kabon da ya bugi ƙasa da mutum a kansa, ya gama aiki. Zai sa masa jan fenti, ya miƙo mini, ni kuma in yanka shi biyu in jefa a shara, don kada wani ya tsinta ya hau. Na tambaye shi dalili, ya ce ƙarfe yana da kunya, kafin ya karye sai ya lanƙwashe ya yi ta kuka. Kabon ba ya sallama. Yana ruɓewa ne daga ciki, wajensa yana sheƙi, sai ranar da ya ga dama. Na ce to. Waɗanda suka farfashe ina yanka su ba damuwa. Amma wanda na juya shi a hannu na ga ko kwarzane babu, wanda kuɗinsa zai sayi kekunan Maraɗi guda biyar, sai in ji kamar Na-Allah yana tsaye a bayana. Sai in jira Munsif ya fita, in tura shi cikin wani kwali a bayan injin iska. Ba sayarwa nake yi ba, ko ɗaya ban taɓa fitarwa daga siton ba. In kun tambaye ni me zan yi da su, ban sani ba. Sabo dai turken wawa.

A shekarata ta tara da ƙungiyar aka kawo Haruna. Ɗan Damagaram ne a takarda, amma a Manfuha aka haife shi, kuma sau biyu tak ya taɓa taka Nijar. Shekararsa ashirin da uku, siriri, ƙafafu kamar na zalɓe, kafaɗa 'yar ƙarama. Hausarsa ta ɗakin uwa ce, in magana ta yi tsawo sai ya gangara Larabci. Ranar da ya ji na yi wa wani noti tsaki da Hausa, ya tsaya cak ya ce, "Ya ammi, kai Bahaushe ne?" Daga ranar na zama Baba Isuhu. An ɗauke shi ne gwaji na kaka guda, aikinsa ya koma mota ya cika riga da gorunan ruwa ya kai wa manya, ya kuma shiga gabansu ya tare musu iska. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma in hanya ta fara hawa dutse, sai ka ga manyan suna huci shi kuwa kamar an aike shi sayen burodi.

Abin da ke gabansa kowa a ƙungiyar ya sani. Haruna yana ƙarƙashin iƙama ne, wato takardar izinin zama, ta mahaifinsa, Alhaji Mamman, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana tsaron siton wani kamfani, kuma kamfanin ya riga ya gaya masa ƙarshen shekarar zai huta, a buga masa hurujin tafiya gida. In uba ya fita, ɗa ma ya fita, sai in ya sami mai karɓar kafalarsa. Ƙungiya tana da gurbi guda na baƙo a kaka mai zuwa, mutum biyu suna nemansa. In Haruna ya samu, ya zauna a garin da aka haife shi yana sana'ar da ya iya. In bai samu ba, sai Damagaram. Ya taɓa tambayata, muna cin shinkafar kabsa a bayan mota, "Baba Isuhu, a can akwai kwalta mai kyau?" Na ce akwai mana. Ban gaya masa jakai da manyan motoci ne ke rabon ta ba.

A tseren farko na kakar nan iska ta taso daga gefe, mutum kusan ashirin suka zube wuri guda, har da shi. Ya tashi da ƙujewa kawai. Da yamma Munsif ya kwance masa sitiyari, ya nuna mini 'yar ƙarzuwa kamar ta farce daidai inda hannun birki ke kamawa, ya shafa jan fenti, ya ce, "Yanka." Sitiyarin Haruna daban yake da na kowa, ƙarami ne saboda kafaɗarsa, daga waje ake odarsa. Guda biyu aka kawo, wannan da wani. Na ɗaura masa na biyun, wannan kuwa ya tafi kwali.

Kaka ta yi ta tafiya. Ya yi wa manya bauta wata biyar, ya ɗauko ruwan da zai cika rijiya. Saura tsere guda, wanda ake hawa tsaunin nan na yamma da gari a gangaro, mudir ya kira shi a gabanmu ya ce ranar Asabar ba zai ɗauko wa kowa ruwa ba, ya yi tseren kansa. In ya shiga cikin goman farko, gurbin nasa ne, halas, magana ta ƙare. Haruna ya fito ya rungume ni da man sarƙa da komai a jikina.

Ran Juma'a da hantsi direbanmu ya ɗauko kekuna uku a kan rufin ƙaramar mota, ya manta da su, ya kutsa ƙarƙashin wata rumfar ajiye motoci. Na Haruna ne a tsakiya. Gangar jikin keke muna da wata daidai shi, amma sitiyari ya tafi. Duk wanda ke sito babba ne, shaguna a rufe, kuma ko sun buɗe babu mai ajiye irin nasa a garin nan. Munsif ya ce a sa masa babban, ba yadda za a yi, ya wuce taron da ake yi wa shugabannin ƙungiyoyi. Na ɗaura. Haruna ya hau ya zaga fili sau uku ya dawo, fuskarsa ta canja.

"Baba Isuhu, wallah wannan kamar ina tuƙa amalanke. Bayan awa biyu hannuna mutuwa zai yi. A gangara ba zan iya ba."

"Ka daure mana, kwana ɗaya ne."

"Kwana ɗayan nan shi ne duka," in ji shi. Ya jingine keken ya zauna a ƙasa, ya sa kai a gwiwa.

Na ce ya je ya yi shirin masallaci, Allah zai kawo mafita. Da ya fita na jawo kwalin. Na ɗauko sitiyarin na kai shi bakin ƙofa inda rana take, na juya shi ta kowane gefe. Na ɗora shi a benci na danna da dukan nauyina, ko motsi bai yi ba. Sannan na ɗauki 'yar sifana na bi shi da ƙwanƙwasa tun daga wannan baki har wancan, kunnena a jikinsa. Ya amsa ras, ko'ina. Shekara talatin kunnen nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na jiƙa tsumma da fetur na goge jan fentin. Na ɗaure kowane noti da sifana mai ma'auni, na naɗe shi da sabon farin tef, naɗin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Da Munsif ya dawo ya ga ƙaramin sitiyari ya tambayi inda ya fito, na ce aro na yi wurin makaniken wata ƙungiya. Muna yin haka tsakaninmu, don haka bai ƙara tambaya ba. Wannan ƙaryar tana daga cikin abin da nake roƙon Allah gafara a kai har gobe.

Haruna kuwa da ya kama shi ya ji ya zauna masa a hannu, sai ya sumbaci goshina. "Ina ka samo?" Na ce, "Kai dai hau."

Ranar Asabar ya yi tseren da ban taɓa ganin irinsa ba. Tun daga gindin tsauni ya bi wasu mutum biyar suka ɓalle, kafin a kai sama sun zama uku. Mudir yana dukan sitiyarin mota yana ihu a rediyo, "Yalla Harun, yalla ya walad!" Ni ina baya da ƙafafu biyu a cinya, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Suka juya suka fara gangarowa, muna bin su a gudun da ko a mota sai ka riƙe kujera. A kwana ta huɗu akwai wurin da aka yi wa kwalta faci, ya ɗan yi tudu. Na farko ya tsallake. Haruna ya kama ƙasan sitiyari ya ɗaga gaba zai tsallake, sai na ga kafaɗarsa ta dama ta faɗa ƙasa kamar wanda ya taka matakalar da babu.

Na fito da gudu da ƙafafun keke a hannu. Me zan yi da su? Jiki ne ya saba. Yana kwance a jikin ƙarfen gefen hanya, idonsa biyu, yana ƙoƙarin tashi yana cewa a miƙo masa keke. Keken yana can gaba. Sitiyarin ya rabu daidai kan 'yar ƙarzuwar nan, ɓangaren dama yana lilo, ba abin da ke riƙe da shi sai farin tef ɗin da na naɗa. Tef ɗin ko warwarewa bai yi ba.

Da la'asar a sito Munsif ya warware shi da kansa, a hankali. Fetur bai kai cikin ƙarzuwar ba, akwai ɗan ja da ya maƙale. Ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni ko ni ne ba, cewa ya yi, "Ina sauran?" Na jawo kwalin. Ya miƙo mini zarto, ya ja kujera ya zauna. Guda ashirin da uku ne, na yanka su ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Da na gama na ce a shirye nake in kwashe kayana. Ya ce in ya kore ni, wani za a kawo masa wanda bai koya ba tukuna. "Kai ka koya, Yusuf. Da kafaɗar wani ka koya, amma ka koya." A takardar da ya kai wa mudir, abin da ya rubuta kawai shi ne sitiyari ya karye.

Ƙashin kafaɗa ya haɗe, wuyan hannu ma ya haɗe da ƙusoshi. Amma wata jijiya ta taɓu, yatsu biyu na hannun dama suka daina naɗewa sosai, kuma da su ake kama birki. Mudir ya je asibiti da dabino da kalamai masu daɗi, gurbin kuma aka ba ɗayan. Ba na ganin laifinsa. Abin da ya ci mini rai, yake kuma ci har yanzu, shi ne ni da na yi ɓarnar aka sabunta mini iƙama a watan da aka buga wa Haruna huruji.

Saura sati uku su tafi na je gidansu a Manfuha. Falo cike da durorin kaya masu shuɗi, Alhaji Mamman yana rubuta suna a jikinsu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, yana ta godiya wai na riƙe masa ɗa kamar nawa. Na ajiye kofin shayin. Na ce wa Haruna ya raka ni ƙasa. A kan matakala na gaya masa komai, tun daga kwalin har zuwa fetur. Ya jingina da bango yana murza yatsun nan biyu da ɗaya hannun.

"Wanda na faɗi da shi a farkon kaka?"

"Shi."

"Ka duba shi?"

"Na duba. Na danna. Na ƙwanƙwasa shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce lafiya lau."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Na jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe. Da ko wanne ya yi, da na san inda zan ajiye kaina. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon kekunan yara da aka ɗaure a ƙarƙashin matakala, sannan ya ce, "Baba ya ce a Damagaram namiji sai da sana'a. Ni ban iya komai ba sai hawa. Ko taya ban taɓa cirewa da kaina ba, kai kake yi mini. Ka koya mini faci."

Sati ukun nan kullum bayan la'asar yana zuwa tsohon shagona na Batha, na roƙi mai shagon ya ba mu gefe. Mutumin da ya hau keken da ya fi mota tsada, na zaunar da shi a kan bulo da bokitin ruwa yana neman inda tiyub ke fitar da kumfa. Na koya masa kankara, da jiran sholisho ya sha iska, da haɗa sarƙa, da zuba ƙwayoyin boris a cikin giris ba tare da sun watse ba. Na koya masa riƙe sifana da yatsu uku. Yana da kai, bai taɓa bari na maimaita abu sau biyu ba, kuma bai ƙara ta da maganar matakala ba. Ranar ƙarshe na ba shi jakar fatar Na-Allah, wadda aka aiko mini da ita bayan rasuwarsa. Daga can ta zo, ta koma can.

Na ƙara kaka huɗu da ƙungiyar, har idona ya fara gardama da ƙananan notina, na dawo Batha. A cikin kaka huɗun nan ban bar ko guntun kabon mai jan fenti ya kwana ba. Yanzu ma haka nake, in mai keke bai yarda a yanka ba, ya ɗauki kayansa ya yi gaba. Don haka, ɗana mai aikin gini, ba rowa na yi maka ba. Kai kuma mai cewa faci da famfo, ka je ka gwada. Facin za ka iya cikin sati guda. Abin da ke da wuya shi ne ka gane ranar da abin da maigidanka ya koya maka, wanda ya ciyar da kai shekara talatin, ya daina zama gaskiya. Ni sai da aka kwashi yaron mutane a gefen hanya na gane, kuma da-na-sani ƙeya ce.

Haruna yana nan a Damagaram, yana da rumfa kusa da wata tasha, ya yi aure. Wani ɗan garinsu da ya zo Umara ya ce mini ana yabon hannunsa, amma ana cewa yana da tsirfa, wai da ya ga abu ya lanƙwashe sai ya ce a sayi sabo, mutane su kwashe su koma wurin maƙwabcinsa. Mukan gaisa da Sallah. Watan jiya ya aiko mini da saƙon murya, Hausarsa ta nuna sosai, har da karin can.

"Baba Isuhu, ina wuni. An kawo mini wani keke, sitiyarin ya lanƙwashe. Mai shi ga-ruwa ne, da shi yake ciyar da gida, ba shi da halin sabo. Ƙarfe ne. In miƙe ko in yanka?"

Sau uku na saurara kafin na iya amsawa. Na ce ya miƙe, ƙarfe ne, zai yi masa kuka kafin ya karye. Bayan kamar awa guda wani saƙon ya shigo, gajere, ana jin ƙarar tasha a bayansa.

"To Baba, na miƙe. Na ƙwanƙwasa shi, ya ce lafiya lau."

Ko labari yake ba ni, ko tuna mini yake yi, ban sani ba. Ba ni kuma da bakin tambayarsa.